Turaren Anti a Otal ɗin 'Yan China

Ni fa ban ce zan je ba. Ina zaman zamana a Greensboro, Anti ƙanwar Mama ta ce dole in tuƙa ta zuwa New York saro jakunkuna a tsohon layin 'yan China, wai Turancina ya fi nata. Turancin da a gareji na tsince shi!

Otal mai araha ta zaɓa mana, ɗakunan kamar akwatin ashana, ga warin danshi. Da hantsi na leƙa nata ɗakin, na tarar ta hura gawayi a kasko ta zuba turaren wuta.

"Anti, nan ba falonki ba ne fa!"

"Rufe min baki, ɗan nema."

Kafin in rufe, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Ga shi da sunana aka kama ɗakunan. Mai otal, wani tsoho ɗan China, ya hawo yana haki. Ya ce mu kwashe kayanmu yanzu, ko ya kira 'yan sanda. Na roƙe shi har da durƙuso, ko kallona bai yi ba.

Anti ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ba ni saƙo in fassara masa. Saƙon ne ya sa tsohon ya janye maganar kora ya sauka, muka ƙara kwana biyu. Ga abin da ta ce min:

"Ce masa ya kira, ya haɗa da 'yan kwana-kwana. Ni zan nuna musu tsinken turaren da yake ƙonawa a ƙarƙashin matakalar katako."