Matar da Ta Raba Aduwa da Ɗaci

Kafin rana ta yi zafi, Magdalina ta fasa kwakwa goma a tsakar gidanta da ke bayan tashar Dutsin-Ma. Ta kankare, ta matse madarar a farin ƙyalle, ta rufe ta bar ta ta kwana. Ba ta hura wuta. Washegari man ya taso, ta kwashe da cokali. Mijinta Tomas direban babbar mota ne, shi ke kawo mata kwakwar daga kudu. Shekara goma sha shida ke nan tana haka, watan gobe kuma za su koma garinsu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba don man kwakwa nake jinjina mata ba, mu nan kitso kawai ake yi da shi. Don goggona Larai ne.

Larai a Makera take, tun tana budurwa take matsar man gyaɗa. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, aka tashi babu ko ta tauna. Mace mai faɗa da dariya ta koma shiru, ta kife turminta a bayan ɗaki. Da abin ya ishe ta, ta ce wa mijinta Mamuda ya faskara shi a yi girki. Ya kai masa sara ɗaya da gatari ke nan Magdalina ta yi sallama da kwalaben man kitso. Ta zauna daram a kan turmin, ta ce a ba ta wata ɗaya ta nemo abin da za a matsa.

A hanya Magdalina ta ga ƙwallayen aduwa zube, waɗanda awaki suka tofar. Ta fasa ɗaya, ta murje ƙwayar a takarda, takardar ta yi maiƙo. Larai ta soya ƙwayar kamar gyaɗa, suka daka, suka matse. Mai ya fito, amma ɗaci kamar maɗaci. Ni na ɗanɗana, har yau in na tuna sai na yamutse fuska. Mamuda ya ce su ajiye masa, zai ba jakinsa maganin tsutsa.

Sau shida suna yi yana ɓaci, kuma kowane karo Magdalina ce ke fara kai wa baki. Leɓenta ya tsattsage. Larai ta yi kuka ta ce, "Maman Julius, ki bar wahalar nan, Allah bai yi ba."

Ta ce, "Inna Larai, wata bai cika ba. Saurin kai shi wuta muke yi. Kwakwa ma sai ta kwana a ruwa."

Suka jiƙa ƙwayar kwana uku suna sauya ruwa, suka shanya, sannan suka daka. Da man nan aka toya ƙosai. Mamuda ya cinye nasa, ya miƙo kwano a ƙara masa, bai sake zancen jaki ba. Kafin gyaɗa ta dawo, mata tara a Makera da Dabawa sun koya a hannun Larai.

Magdalina, ke ce kika zo baƙuwa, Hausarki ma a karkace, kika hana gatari aikinsa. Ke ce kika sha ɗacin da ba naki ba. Ba addininku ɗaya da Larai ba, amma ban taɓa jin ɗayarku ta tuna da hakan a bakin turmi ba.

Bara Julius ɗan Magdalina, da ke karatun kimiyya a jami'a, ya rubuto mata cewa a ƙasashen waje ana gwada fitar da man kwakwa da iskar nan mai sa lemon kwalba kumfa. A matse iskar da ƙarfi, ta ratsa kwakwar, ta fito da mai ba suya. Ni na karanta mata. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ce ashe su ma sun gane wuta ba ta da haƙuri. Sai ta ce in tambaye shi wa ke ɗanɗanawa kafin a ba mutane.

Mun gode, Maman Julius. Allah ya kai ku gida lafiya. Mu da muka rage, duk wanda ya ga maƙwabcinsa ya kife turmi, ya je ya zauna a kai.

Jiya na je Makera. Larai ta cika kwalba da man aduwa ta ce in kai wa Magdalina, ta juya baya don kada in ga idonta. Turmin yana nan tsaye a tsakar gida, da sawun gatari guda ɗaya a bakinsa.