Satifiket a Buhun Citta

Shekarar da na gama bautar ƙasa, na dawo Kafanchan da digirin akanta a hannu, ina ɗaga kai kamar ni na ƙirƙiro lissafi. Mama kuwa tana nan yadda na bar ta: ta sayo ɗanyar citta wurin manoman Kagoma, ta fasa, ta shanya, ta sayar wa masu kai wa Legas. Da cittar nan ta yi mini makaranta, amma a lokacin ko sunanta ba na so a kira kusa da ni.

Ana nan sai na ga talla a jarida. Wani kamfanin akantoci a Kaduna zai ɗauki sababbin masu digiri ya horar da su. Ranar ko tuwo ban iya ci ba don zumuɗi. Na riga na hango kaina a ofis mai fanka, da biro a bayan kunne.

Na kai takardar neman aikin wurin wani tsohon Ibo, ma'aikacin reluwe mai ritaya, da ke buga wa mutane wasiƙu da tafireta kusa da gidan waya. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yata, wurin aikin da kin taɓa yi, ba ki sa komai ba. Ba ke ne nake gani a kan sikelin mamanki tun kina ƙarama?"

Na ce, "Baba, akanta suke nema, ba mai tallar citta ba. Buga abin da na rubuta."

Ya girgiza kai, ya buga.

Da wasiƙar intabiyu ta zo, sai da na zaga gidanmu sau biyu da gudu. Na haddace littafin haraji, na aro kwat wurin matar fastonmu, na yi ta gyara Turanci a gaban madubi har maƙwabta suka fara gaishe ni da "Madam Akanta".

Ana gobe tafiya na nemi satifiket ɗina. Mama ta ce ta adana mini. Ta shiga sito, ta zura hannu cikin buhun busasshiyar citta har kafaɗa, ta zaro ambulan. Ta ce gara da kyankyaso ba sa kusantar citta. Wata da watanni takardun suna ciki, ko daga bakin ƙofa za ka ji warinsu.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Mama, kin kashe ni. Na yi karatun nan ne don in rabu da wannan warin, ke kuma kin bi ni da shi har Kaduna." Har yau ina jin kunyar wannan magana. Ta koma kan tabarma ta ɗauki wuƙarta ta fasa citta.

Na shanya takardun, na barbaɗa hoda, na fesa turare. Abin sai ya ƙara muni.

A ɗakin intabiyu, babban akantan, wani dattijo mai furfura, yana buɗe ambulan ɗin sai atishawa, sau uku a jere. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Citta ce wannan?"

Na amsa da ƙaramar murya. Sai ya ture takardun gefe. Ya ce suna binciken wani mai fitar da citta waje, kuma kowace shekara nauyin da ke sito ba ya kai nauyin da aka saya. Sata ce?

Ai kuwa sai bakina ya buɗe. Na ce ba lallai ba ne, Yallaɓai. Cittar da ba ta gama bushewa ba, a sito take ƙarasa zubar da nauyi. Wasu kuma yayyafa mata ruwa suke yi kafin awo, wasu su cusa ƙasa a tsakiyar buhu. Na ce a ciro daga tsakiya a karya: in ta yi ƙas, ta bushe, in ta lanƙwashe, ruwa aka saya. Turancin madubi ya gudu, ina ta haɗawa da Hausa, ina kwatance da hannu, shi da sauran masu intabiyun kuma suna ta rubutu.

Dattijon ya ce, "Me ya hana ki rubuta wannan? Ki fara ranar Litinin."

Daga tashar Kafanchan da gudu na iso gida, takalma a hannu. Na tarar da Mama a kan tabarmar nan tana fasa citta. Na durƙusa, ina dariya ina hawaye, na ce, "Mama, sun ɗauke ni. Ba don digirin ba, don cittarki. Ki yafe mini."

Ta dube ni, ta ce, "Mun gode wa Ubangiji. Je ki cire kwat ɗin mutane kafin ya ɗauki wari."

Ban cire ba. Na zauna kusa da ita a cikin kwat ɗin, na jawo ɗaya wuƙar.