Tukunyar da Aka Ajiye wa Ladi

Daga Kontagora zuwa Tungan Magajiya

Ana sallame sallar asuba na fito daga gida, maigidana yana bina da mita har bakin ƙofa. Wai mace mai shekaruna, ga ciwon gwiwa, ba ta da abin nema a hanyar Rijau a wannan zamani. Na ce ya yi mini addu'a, ta fi mitar amfani. Ya yi addu'ar, ya kuma ci gaba da mitarsa.

Ga abin da ya fitar da ni. 'Yar ƙungiyarmu ta mata tana tara matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, mu nemo musu mai koya musu sana'a hannu da hannu. Mun yi saƙar tabarma, mun yi sabulun salo. Bana matan da ke zaune a Salka suka ce ginin tukwane suke so, tunda akwai yumɓu a fadamar bayan gari, randa kuma ba ta kwantai in bazara ta kama. Duk wanda na tambaya sai ya ce in nemi Mama Saratu a Tungan Magajiya, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Dukkawa, wai duk yankin ba mai hannunta. Na aika mata, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ce to, zuwa da kai ya fi aike.

A tasha mota ta cika tun da wuri, amma direba ya ƙi tashi. Yanzu ba a ɗaukar wannan hanya sai motar farko ta iso daga can ta ba da labarin abin da ta gani. Muka zauna muna karyawa da koko da ƙosai, kowa idonsa a bakin titi. Sai da rana ta ɗaga wata ƙaramar mota ta shigo, direbanta ya ɗaga hannu ya ce lafiya lau, sannan muka yi bisimilla.

Ramukan hanyar ba su dame ni ba, na saba da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙauyukan da muka riƙa wucewa ba kowa. Ga rumbuna a buɗe, ga mangwaro ya nuna yana zuba ƙasa yana ruɓewa, ba ko akuyar da za ta ci. Wata mata ta roƙi a tsaya ɗanta ya yi fitsari, direba ko waiwaye bai yi ba.

"Baiwar Allah, a nan ko taya ta fashe da ita nake tafiya. A ba shi gora."

Muka wuce shingen 'yan sa-kai, suka leƙa fuskokinmu suka janye itacen da suka gitta a hanya. Kafin azahar muka isa.

Tungan Magajiya

Yakubu, babban ɗan Mama Saratu, shi ya tarbe ni a tasha ya kai ni gidan da suke haya tun da suka baro ƙauyensu. Na tarar da ita a kan tabarma a bakin ɗaki, 'yar siririya, ta amsa gaisuwata da Hausarta mai gaurayen Dukkanci. Na zazzage mata duk bayanin da na shirya tun daga gida. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce in ci abinci tukuna.

A kan tuwon dawa da miyar kuka Yakubu ya warware mini. Ya nuna mini wata baƙar tukunya a ragaya cikin ɗakin, ba ta fi ta miya girma ba, da zanen igiya a wuyanta. Ya ce a zuriyarsu kowace maginiya, ranar da ta ƙware, wadda ta koya mata takan gina mata tukunya guda ta ba ta. Ba a dafa komai a ciki. Ajiye ta ake yi har ranar da ita ma za ta koyar, sai ta fasa ta, a daka tsingaron ya zama gari, a kwaɓa shi cikin yumɓun da mai koyo za ta fara taɓawa. Ta haka hannun kaka yake shiga na jika. Tukunya ɗaya ce, fashi ɗaya ne, kuma ba a koyarwa sai da ita.

Wannan ta ragaya mahaifiyar Mama Saratu ce ta gina. Mama Saratu kuma ta ajiye ta ne saboda autarta Ladi. An sa ranar fasawa bayan girbi, sai 'yan bindiga suka shiga ƙauyen suka kora mutane daji, har da Ladi. Damina biyu ke nan. An kira Yakubu a waya sau ɗaya, ya ji muryarta, daga nan shiru. Da suka gudo, tsohuwar ba ta ɗauko ko zane na biyu ba sai tukunyar.

Na tsame hannuna daga tuwon. Duk da haka, da yake bakina ba ya iya zama, na ce ai tsingaro tsingaro ne, ga fasassun tukwane nan birjik a kowane juji, me zai hana a daka su? Mama Saratu ta dube ni ba fushi.

"Yumɓun zai yarda, Malama. Ni ce ba zan yarda ba. Ba haka aka ba ni ba."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na kwana a ɗakin matar Yakubu da niyyar in koma hannu rabbana. Da safe sai ga tsohuwa ta yi shiri, ta naɗe tukunyar a tsumma ta rungume. Ta ce za ta bi ni ta ga matan da idonta, amma kada in sa rai, ba ta ce za ta fasa ba.

Hanyar Salka

Kujerar gaba mutum biyu ake cusawa. Na biya ta duka don Mama ta zauna ita da tukunyarta, ni na matsu a baya. 'Yan kamasho suka yi ta tsokana, wai yau sun ga tukunya mai tikiti. A shingen nan na jiya wani ɗan sa-kai mai tabo a goshi ya ce a kwance ƙunshin ya gani. Ya leƙa ciki, ya ga ba komai, ya yi dariya ya ce, "Iya, wannan ai ta girme ni." Ta ce ta girmi babansa ma.

Can gaba muka faɗa wani rami har kanta ya bugi rufin mota. Ba ta dafe kan ba, tukunyar ta ƙanƙame. Da na miƙa mata ruwa na lura hannuwanta rawa suke yi, kuma ba ta tsoro ba ce, don ba su daina ba har muka iso Kontagora. A tasha muka canza mota. Ban leƙa gida ba, na san in maigida ya gan ni tafiyar ta ƙare. La'asar sakaliya muka sauka a Salka, a gidan ƙawata Hajiya Kulu, wadda ta ba mu aron tsakar gidanta don aikin.

Salka

Matan sun kusa ashirin, Kambari da Hausawa da 'yan Fulani, sun riga sun haƙo yumɓu sun tara a gindin bango. Mama ta gutsuri kaɗan, ta murza, ta ɗanɗana a harshe, ta ce mai kyau ne. Ta sa su jiƙa shi, ta sa su tsince tsakuwa da saiwoyi, ta sa su taka shi da ƙafa. Washegari ta sa su sake. Wanshekare ma haka. Ita tana zaune a inuwa, ƙunshinta a cinya, ba ta taɓa yumɓun ba.

Mata suka fara gunaguni. Kowacce ta bar abin da take samun na cefane da shi ta zo, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma, kuma kowa ya san in ruwa ya sauka gashin tukwane ya ƙare sai baɗi. Ni kaina raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji haushinta, na kuma ji haushin kaina da nake jin haushin uwar da ke jiran 'yarta.

Akwai wata Hajara a cikinsu, mai 'ya'ya uku, itace take sarowa ta sayar. A gona aka ɗauke mijinta. Ba ta cika magana ba, amma ran nan tana cikin taka yumɓu, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

"Mama, ni ban ga laifinki ba. Ni ma garmar maigidana tana nan bayan ƙofa, na hana kowa taɓawa. Amma ran kasuwar nan zan sayar da ita. Ni na iya jira, yaran ne ba su iya ba."

Mama ta ɗauki ƙwaryar ruwa za ta sha, hannun ya yi ta rawa har rabin ruwan ya zube mata a zane. Ta ajiye ƙwaryar, ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

Da hantsi washegari ta fito cikin zanen da take zuwa coci da shi, ta ce a kira kowa. Ta kwance tsumman, ta ajiye tukunyar a kan dutsen niƙa, ta yi addu'a da Dukkanci, ban ji komai a ciki ba sai sunan Ladi. Sannan ta juyo gare mu.

"Tukunyar nan za ta iya jiran Ladi shekara goma. Hannun nan ne ba zai kai ba. In ya mutu ban koyar ba, ko ta dawo ba mai nuna mata."

Ta ɗaga ɗan dutsen da hannu biyu ta sauke. Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba, ba ta fi ta faɗuwar ludayi ba. Na yi kuka, kuma ba ni kaɗai ba. Ita ba ta yi ba. Ta tattara tsingaron ta zuba a turmi, ta ce kowace mace ta karɓi taɓarya ta yi nata dakan, har ni da ba koyo na zo ba. Da ya zama gari ta barbaɗa a kan yumɓun, suka shiga da ƙafa suka kwaɓe.

Daga ranar tsohuwa ta zama wata daban. Rawar hannun tana nan, amma ta san yadda take bi da ita: takan tokare gwiwar hannu a cinya, ta kama hannun mai koyo ta ɗora a kan nata. Ta nuna musu yadda ake kifa tsohuwar tukunya a shafa toka a buga gindin sabuwa a kanta, yadda ake murza yumɓu a ɗora shi zagaye bisa zagaye, yadda ake gyara baki da jiƙaƙƙen ganye, da yadda ake birgima igiya a wuya ta bar zane. Faɗa kuwa kamar ta ari baki. Ta ɗaga abin da wata ta gina ta tambaye ta ko tukunya ce ko hular maigari, matan suka yi dariyar da ban taɓa jin sun yi ba.

Da tukwanen suka bushe muka jera su a bayan gari, muka lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, aka cinna wuta iska tana kaɗawa. Da yawa sun tsage, wasu sun fashe. Waɗanda suka tsira sun fi rabi, kuma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji suna amsawa. Mama ta zaro wata 'yar ƙarama da ta gina da kanta, ta miƙa wa Hajara, ta ce kada ta kuskura ta dafa komai a ciki. A yammacin ranar ruwan farko ya sauka.

Komawa

Na ce sai na mayar da ita har gida, muka yi sammako. Wannan karon ta ƙi kujerar gaba, ta ce ba ta da kaya, muka matsu tare a baya. A shinge ɗan sa-kan nan mai tabo ya gane ta, ya tambaye ta ina tsohuwar tukunya. Ta ce ta tafi aiki. Ya yi dariya ya janye itacen, ita kuma ta juya fuska wajen taga har muka isa.

Yakubu yana jiranmu a tashar Tungan Magajiya. Ya dubi hannuwan uwarsa, ya leƙa cikin motar, ya sake duban hannuwanta. Sai ya cire hula ya zauna a kan benci kamar wanda aka yi wa gaisuwar mutuwa.

"Mama, kin cire rai ke nan?"

Ta kwance bakin zanenta. Ashe ta ƙulle wani ɗan tsingaro a ciki, bai fi goro ba, daga wuyan tukunyar, da zanen igiyar a jikinsa. Ba wadda ta ga lokacin da ta ɗauke shi a cikinmu.

"Ba zai ishi randa ba," in ji ta. "In ta zo, da ƙaramar tukunya za mu fara."

Ta mayar ta ƙulle, ta ja ƙullin da haƙori saboda yatsun sun kasa.

Ban kwana ba, na samu motar ƙarshe da ke fita kafin hanya ta rufe. Ana kiran magariba na shiga gida, maigida ya buɗe baki zai fara, ya dubi fuskata ya fasa, ya ce sannu da hanya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Kulu da tsakar gidanta, da Yakubu da matarsa da suka ba ni tabarmarsu, da direbobin da ke bin hanyar nan don dole. Godiyar Mama Saratu kuwa ta fi ƙarfin bakina. Wanda ya ga randa mai zanen igiya a kasuwar Salka, ya saya, ya kuma sa Ladi a addu'a. Har ranar da nake wannan rubutu, tsingaron yana nan ƙulle a bakin zanen uwarta.