Littattafan da ke Gidan Suruki

Shu'aibu mutumin Tawa ne, ɗan tela, amma ɗinki bai karɓe shi ba. Ya shigo Yamai da ƙuruciyarsa, ya samu aikin ɗan aike a biron wata ƙungiyar malaman gona da ke unguwar Bobiel. Shugaban ƙungiyar a lokacin, Alhaji Boubacar, Badamagare mai son karatu kamar me, ya lura yaron ba ya wuce takarda a ƙasa bai duƙa ya karanta ba. Sai ya danƙa masa makullin ɗakin littattafai. Bayan ƴan shekaru ya ƙara masa da ƴarsa ta fari, Nana. Wanda ya ba ka abin yi ya kuma ba ka mata, ai ko inuwarsa ka gani sai ka cire takalmi.

Haka Shu'aibu ya yi furfura a wannan ɗaki. Tsarinsa ba wuya: in ya san fuskarka, ɗauki littafi ka tafi, in bai san ka ba, zauna ka karanta a nan. Ba kati, ba sa hannu. A ganinsa, ka ce wa babban mutum ya rubuta sunansa don ya ari littafi, kamar ka ce masa ɓarawo ne. Da Alhaji ya yi ritaya ya koma gidansa na unguwar Banifandou, duk Juma'a Shu'aibu kan ɗaure masa littafi ɗaya ko biyu a bayan babur ya kai masa. Bai taɓa tambayar na makon jiya ba. Wa ke tambayar suruki?

Sai ga sabon shugaba, matashi mai sauri, ya ce ɗakin nan ya zama rumbun ɓeraye. Ya ɗauko wata ƙwararriya daga waje, Madam Halimatou, wadda aikinta ke nan: ta shiga ma'aikata ta tsara mata littattafai da takardu, ta zuba komai a ordinata, wato kwamfuta, ta rubuta rahoto ta wuce. Ba muguwa ba ce, har ruwan sanyi take kawo wa Shu'aibu. Amma mace ce da ba ta tsallake layi. Ta samo takardun sayen littattafai tun na kafuwar ƙungiya, ta bi kantocin littattafan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, shi kuwa yana biye da ita da tsumma.

Ran da ta gama, ta rufe ƙofa ta zauna gabansa.

"Malam Shu'aibu, manyan littattafan, masu tsadar, babu su. Da yawa. Kai kaɗai ke riƙe da makulli."

"Suna nan, Madam. Aro ne."

"Wurin wa?"

Ya dubi ƙasa.

"Ka ji ni," ta ce, ta sassauta murya. "Ran Litinin zan ba da rahoto. In sun dawo, zan rubuta sakaci ne, a gyara. In ba su dawo ba, zan rubuta sun ɓace a hannunka. Shugaba kuwa ya riga ya ce kasuwar Katako za a je a duba wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Ka san me wannan ke nufi."

Ya sani. Ba korar ce ta fi tsorata shi ba. A ce Shu'aibu, da gemunsa fari, ɓarawo ne, a faɗa a masallacin unguwa, ƴaƴansa su ji a lakwal a bakin ƴan makaranta, wannan ne ya hana shi cin tuwo. Ya gaya wa Nana, ko za ta yi wa mahaifinta magana. Ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Ni ƴar fari? Ni da ko ido ba ma haɗawa da Baba? Kai ka kai masa, Malam, kai za ka karɓo."

Ran Juma'a bayan la'asar ya tafi Banifandou hannu rabbana. Ya cire takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa a bakin tabarma. Alhaji na kan kujerarsa, ya rame, tabarau mai kauri a hanci, littafi buɗe a cinya. Bayansa bango ne guda cike da littattafai har rufi, kuma daga inda Shu'aibu yake yana hango hatimin ƙungiya a gefen wasunsu.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi yara, aka yi zancen zafi da tsadar gero. Sau biyu Shu'aibu ya buɗe baki, sau biyu ya ɓuge da "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Har ya miƙe ya kai hannu ga takalminsa. Sai ya tuna Litinin, ya dawo ya sake durƙusawa. Gumi na bin bayansa.

"Baba, an kawo mai bincike a biro. An ce littattafan da ke waje a maido su. In ba haka ba, ni za a ɗora wa."

Alhaji ya waiga ya dubi bangon.

"Akwai na mutane a ciki?" ya tambaya a hankali.

Nan ne Shu'aibu ya gane. Tsohon ba riƙewa ya yi ba. Shekaru sun haɗe masa nasa da na aro, idon ma ba ya ganin hatimi.

"Kaɗan ne, Baba. Ni zan zo in ware."

"A'a, Malam. Je ka. Ba komai."

Litinin da safe, kafin Madam ta buɗe ordinatarta, wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar biro, shaƙe da kwalaye. Direban ya ce Alhaji ya ce a karɓa duka, da nasa da na ƙungiya, tunda ya kai shekarun da ba ya bambance haƙƙinsa da na wani, gara kada ya mutu da kayan mutane a ɗakinsa. Shu'aibu ya roƙa a mayar da na tsohon. Direban ya ce an gargaɗe shi kada ya dawo da ko takarda ɗaya.

Madam Halimatou ta yi murna ƙwarai. Ta rubuta cewa ba abin da ya ɓace, har ma an samu kyauta mai yawa daga tsohon shugaba. Ta koya wa Shu'aibu yadda ake shigar da sunan mai aro, ya kuwa iya. Sunansa ya fita fes, aikinsa ya tsaya.

Juma'ar da ta biyo ya je gaisuwa. Alhaji ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa fura, bai yi zancen ba ko da kalma ɗaya. Yana zaune kan kujerarsa, hannuwansa biyu a kan gwiwa ba abin riƙewa, bayansa katakai ne tsirara da shatin ƙura. Shu'aibu ya kai kwanon baki, ya ajiye bai sha ba. Wallahi da tsohon ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.