Jan Fenti a Bangon Mama

A shekarata ta shida a kamfanin gine-ginen da nake aiki aka damƙa mini aikin gina lambatu a wani dogon layi da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Daga awo har miƙa aikin, komai a wuyana yake: leburori, magina, siminti, injina, da jin koken mutanen unguwa. Layin duk damina ruwa ke cinye shi, don haka da muka zo da kayan awo, har ruwan sanyi aka riƙa aiko mana daga cikin gidaje.

A tsakiyar layin akwai shagon abincin wata dattijuwa 'yar kudu, Kirista, wadda kowa ke kira Mama. Ta fi shekara talatin a wurin. A Kano mijinta ya rasu, a nan aka binne shi. Da rana ɗalibai da ma'aikatan jinya na asibitin koyarwa kan cika bencinanta suna cin sakwara da miyar agushi. Ɗakin kwananta yana manne da bayan shagon.

Ranar da muke awo a ƙofarta ta fito tana goge hannu da zani.

"'Yata, aikin nan zai taɓa ni?"

Na shimfiɗa taswira a kan teburinta na nuna mata da yatsa. "Mama, ta wancan gefen titin zai bi. Ko bulo ɗaya ba za a cire miki ba."

"Kin tabbata?"

"Ni ce da aikin," in ji ni.

Mako biyu bayan nan ta kira kafinta ya sauya mata rufin kwanon da ta daɗe tana jinkirtawa. Ta ce tunda na faɗa, hankalinta ya kwanta.

Mun fara haƙa ke nan daraktanmu ya kira ni ofis. Ya turo mini sabuwar taswira. An ɗauke lambatun daga inda yake, an mayar da shi gefen su Mama. A gefen da aka bari akwai doguwar katangar filin wani babban mutum, fili ne kawai, ba kowa a ciki sai ciyawa.

Na ce, "Yallaɓai, ruwan nan ta can yake gangara. In muka bi ta nan, cikin gidajen mutane zai koma. Kuma akwai shaguna biyar a kan layin."

"Injiniya, an riga an sa hannu daga sama."

"Na ba mutane magana, Yallaɓai."

Ya cire gilashinsa ya dube ni, ba da fushi ba, kamar shi ma a gajiye yake. "Wa ya ce ki ba su? In ba za ki iya ba, ki faɗa. Akwai masu jira."

Na rubuta takardar ajiye aiki a ranar. Kwana uku tana cikin jakata. Na riƙa gaya wa kaina cewa in na tafi, wanda zai zo ba zai ma tsaya sauraron kowa ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Tsoro ma na ji. Ni ce mace ta farko da aka ba irin wannan aiki a kamfanin, kuma na san abin da za a ce in na sauka.

Ban yarda na aiki kowa wurin Mama ba. Da kaina na ɗauki gwangwanin jan fenti na tafi da hantsi, kafin masu cin abinci su taru. Mama tana yankan alayyahu. Na yi mata bayani. Ba ta katse ni ba har na gama. Ta ajiye wuƙar, ta ɗaga kai ta dubi sabon rufinta.

"Ke kika ce, 'yata."

Abin da ta faɗa ke nan. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Can ta ce in taimaka a bar ta ta wuce Lahadi, tana so ta je coci daga ɗakinta sau ɗaya. Na ce to. Na shafa alamar rusau a bangon, har fentin ya zuba mini a takalmi.

Ranar Litinin wani tela maƙwabcinta, dattijo mai farin gemu, ya rufe shagonsa ya tara matasan layin suka kwashe mata tukwane da katifa. Ina tsaye da hular kwano a kaina lokacin da katafila ta sa baki a bangon. Direban ya dube ni yana jiran in ɗaga hannu. Na ɗaga.

Mun kai rabin layin aka kwashe mana injina zuwa wani aikin da aka ce ya fi gaggawa. Na yi ta waya, na yi ta rubutu, ana ce mini mako mai zuwa. Aka bar rami a buɗe, roduna a tsaye, ga hadari ya fara haɗuwa. Ruwan farko mai ƙarfi ya bi ramin ya faɗa gidajen gefen, kamar yadda na faɗa a ofis. Na shiga wani gida na tarar da mata tsaye a cikin ruwa har gwiwa, sun ɗora buhun shinkafa da littattafan yara a kan firji.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Darakta ya ce in je ni kaɗai, kuma kada in ambaci maganar sauya taswira. Na tsaya gaban mutane ana ta ɗaga murya, ni kuwa ba abin da nake maimaitawa sai haƙuri. Da aka ɗan lafa, telan nan ya miƙe.

"Yarinya, mun ɗauka kin san aikinki," in ji shi, ya koma ya zauna.

Rahoton da aka rubuta daga baya ya ce an samu sakaci daga mai kula da aikin. Aka mayar da ni ofis, aka ba ni tebur kusa da injin buga takardu.

Sai bayan damina na samu ƙarfin halin neman Mama. Telan ne ya yi mini kwatance, tana unguwar Daurawa a gidan 'yarta. Na same ta zaune a baranda, ta rame, ta daina girki. Na durƙusa na gaishe ta, na fara ba ta labarin taswirar, ta ɗaga mini hannu.

"Na sani ba ke ba ce. Duk layin an sani. Amma da kin ce mini ba ki da tabbas, da na shirya."

Ta tambaye ni ko ruwa ya shiga gidan telan, na ce ya shiga. Ta girgiza kai, ta ce matarsa ciwon ƙafa gare ta, sanyi ba ya yi mata. Sai ta kira 'yarta ta ɗauko wata 'yar kwalbar man zafi, ta danƙa mini a hannu, ta ce in kai wa matar telan.

Na tari adaidaita sahu na koma Gyaɗi-Gyaɗi a ranar. An ɗora katako a kan ramin, ta kansa na tsallaka na kai saƙon. Telan ya karɓa da hannu biyu, ya tambayi jikin Mama, na ce da sauƙi. Ya yi godiya, ya koma kan kekensa, ni kuma na juyo.