Matar da Ta Hana a Zagi Hannu

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, Inna Sannu ta riga ta buɗe ɗakin gashin ƙashi, ta goge ƙarafan da masu shanyewar ɓarin jiki ke dafawa suna koyon tafiya. Ba likita ba ce, mataimakiya ce. Majinyata ne suka laƙa mata sunan, don bakinta ba ya rabo da "sannu". Dokarta ɗaya ce tak: ba a zagin jiki a ɗakinta.

Tela ya fi kowa sanin dokar nan. Hannunsa na dama ya shanye, keken ɗinkin da yake ci da iyali da shi yana lulluɓe a shago. Ranar da ƙwallon robar da ake matsawa ya suɓuce masa, ya daka wa hannun tsawa: "Banza, mataccen nama!"

"Haba, Malam Tela," in ji Inna. "Hannun da ya ciyar da 'ya'yanka? Maza ba shi haƙuri, ina ji."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Tela ya ba hannun haƙuri, yana ƙunƙuni.

Daga baya ya yi watsi da motsa hannun a gida, kunya kuma ta hana shi dawowa. Da matarsa ta taso shi a gaba, ya shigo kai a sunkuye yana jiran faɗa. Inna ta miƙa masa ƙwallon kawai.

"Jiya ta wuce, ɗana. Wanda ya kwana yana dukan kansa, ina zai sami ƙarfin tashi? Matsa mu gani."

Tun daga ranar, in ya yi fashi, washegari sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Da haka keken ya sake juyawa.

Inna, ke ce uwar masu tatata da furfura. Kin yi ritaya, kin koma wurin 'yarki can nesa, kin bar mu da kewa. Har yau Tela yakan bi ta ƙofar ɗakin ya leƙa, alhali ya san wata ce a kujerarki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Masu jinya da masu koyarwa, ku yi koyi da ita: in mutum ya faɗi, hannu ake miƙa masa, ba gori ba.

Shekaranjiya zare ya ƙi shiga allura, Tela ya buɗe baki zai yi zagi. Ya waiga ƙofar shago, ba kowa. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya shafa hannun.

"Yi haƙuri," ya ce. "Mu sake."