Saƙon Tanko da Kawu Sale bai isar ba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Kawu Sale, yayan mahaifiyata, makwancinsa a maƙabartar Baƙi'a. Mutanen Madina sun san shi da sayar da carbi da dabino a gindin dutsen Uhudu. Kaɗan ne suka san ya taɓa aiki a jirgin ruwan yaƙi.

Da ƙafa ya baro Kano zai zo Hajji, a hanya ya haɗu da Tanko, mutumin ƙasar Gumel. Yaƙin Duniya na Biyu ya riske su a bakin Bahar Maliya, guzuri ya ƙare, sai suka kama wanke-wanke a wani jirgin Turawa. Siriri ne mai gudun tsiya, aikinsa rakiyar jiragen kaya da farautar masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Kawu yakan ce dokarsa ɗaya ce: ba ya tsayawa a tsakiyar teku, don wanda ya tsaya ya zama nama.

Wata rana jirgin sama ya sako musu bam, ɓarɓashin ƙarfe ya sami Tanko a ciki. Kafin ya cika ya ce, "Sale, ka gaya wa Iya an yi mini sutura."

Al'adar jirgin ita ce a ɗinke gawa cikin tamfol a zura ta ruwa ana cikin gudu. Kawu, da Turancinsa bai kai cikin cokali ba, ya tare hanya ya ce sai an yi wanka da salla. Kyaftin ya tambaye shi ina zai fuskanta. Nan Kawu ya rasa alƙibla, don ko'ina ya duba ruwa ne. Sai Baturen ya sa aka auna Makka a taswira, ya juya jirgin gaba ɗaya, da bindigoginsa da mutanensa, ya tsayar da shi har Kawu da wasu Yamalawa biyu suka yi kabbara huɗu. Har yau in na tuna, tsigar jikina takan tashi.

Alkawari kaya ne. Kawu ya aika wasiƙu Gumel, shiru. Duk shekara in alhazai suka sauka, sai ya bar tebur ya bi su: "Akwai na Gumel?" Mukan tsokane shi cewa ya fi masu masauki sanin alhazai. Sai ya ce cikin Larabci da Hausa, "Ya waladi, ɗana, amana ce, halas, shi ke nan." Ya samu Gumulawa da yawa, bai dace da wanda ya san gidan ba.

Yanzu ina ganin alhaji a harabar Harami da wayar hannu yana gaisawa da ƙauyensu. Me Kawu zai ce? Ina jin sai ya ari wayar kowa. Jirgin kuwa, an ce tuni aka yanka shi aka sayar da ƙarfen.

Kawu bai bar gida ko gona ba, saƙon ne gadona. Iya Mairo mai daddawa, mahaifiyar Tanko, ta daɗe a ƙasa, na sani. Amma in akwai jininta cikin masu karanta wannan shafi, to ku ji: Tanko bai tafi a wulaƙance ba. An yi masa wanka, an yi masa salla, liman yana fuskantar alƙibla. Allah Ya jiƙan su duka.